Yadda Za Ka Hau Kujerar Manaja a Injin Casar Surukinka da Kwamfuta

Ɗan'uwa, ka gama digiri, ka auri 'yar mai injin casar shinkafa a Haɗeja, ga kujerar manaja babu kowa a kai. Ƙanin matarka, Muttaka, sai zagaya kujerar yake yi. Kwantar da hankalinka ka bi matakan nan. Na yi maka alkawarin sakamako, ko tantama babu.

1. Nemo matsalar, amma kada ka kira sunanta

Injin surukinka, mu ce Alhaji Ari, yana karya shinkafa, har manoman fadama sun fara kai tasu gaba. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Kai ma kada ka faɗa. Durƙusa ka ce, "Baba, akwai ɗan gyaran da zamani ya zo da shi."

2. Jefa masa Turanci sau ɗaya

Ce "jenetik algoridim", ka yi shiru maganar ta zauna. Sannan ka sauko ƙasa ka ce masa kiwo ne. Gudun inji, tazarar robobin da ke murzar shinkafa, yawan shinkafar da ake zubawa, in an haɗa su sun zama saiti guda. Kwamfuta za ta tara garken saiti, ta gwada kowanne, ta fitar da masu karya shinkafa, ta haɗa nagari su hayayyafa, har a samu gwani.

Alhaji jikan makiyaya ne, nan take zai gane. "To, ashe ita ma ta san barbara."

3. Saka saitin Alhaji cikin garken

Zai tambaya, "Injiniya, nawa saitin yana ciki kuwa?" Tun kafin a haifi matarka yake murɗa notin injin nan da hannunsa. Ce, "Ai shi ne kan gaba, Baba."

4. Ceci surukinka

Abin da ba a koya maka a jami'a ba shi ne kwamfuta ba ta da kunya. Zagayen farko za ta jefa saitin Alhaji can ƙarshe, ta yi masa jan layi za ta goge. Shi kuwa yana tsaye a bayanka da carbi, yana leƙen allo. Wane ɗan halak ne zai goge surukinsa a gaban idonsa? Yi tari, ka ɗauko saitin da hannu ka mayar da shi sama. Gobe ma za ta jefar da shi, gobe ma ka ɗauko.

5. Bar gado ya yi aikinsa

Wanda ba ya mutuwa shi ke ta haihuwa. Kafin ka ankara garken duk ya zama 'ya'ya da jikokin saitin Alhaji, nagarin sun ɓace. In matarka Ummussalma ta kalli allo ta ce, "Waɗannan ba lambobin Baba ba ne?" ce mata ilimi ne mai zurfi. Za ta yi maka wani kallo. Jure.

6. Sanar da sakamako

Alhaji zai tara ma'aikata a bakin inji, kowa da ɓuntun shinkafa a hula. Tashi ka karanta saitin da kwamfuta ta zaɓa: na Alhaji ne sak, ko noti ɗaya ba a taɓa ba.

"Kun ji ko? Har na'ura ta shaida," in ji Alhaji. Zai dafa kanka ya sa maka albarka, har idonka ya kawo ruwa. Sai ya juya. "Tunda injin ba ya son gyara, ba sai mun wahalar da mai ilimi ba. Muttaka, je ka zauna a kujerar."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a karyayyar shinkafa, ko dariyar Ummussalma, ko sabuwar tafiyar da Muttaka ya koyo. Sakamako na yi maka alkawari, ka kuma samu: duk Haɗeja yanzu an san ka da ladabi. Mai ƙorafi ya kai wa Alhaji Ari da kansa, in zai iya ɗaga ido ya dube shi.