Manoma Shida, Waya Ɗaya

Duk wanda ya ce Ɗanliti wawa ne, ya zo ya faɗa a gabana. Ni Lurwanu na zauna da shi tebur ɗaya, na sha wuyarsa fiye da kowa, don haka in zagi ne ma ni ya kamata in yi, ba ku ba.

Gidansu yana Tudun Gamji, bakin madatsar ruwa, kuma duk manoman rani ne. Akwai tsohuwarsa Iya Tabawa, da matarsa Ladiyo, da 'ya'ya biyu, sai Kawu Jatau wanda tun Ɗanliti yana goye ya rantse ba zai taɓa tsinana komai ba. Laifinsa guda ne: abin da ka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Wannan halin ne ya sa jininsu ya haɗu da kwamfuta, don ita ma haka take. Ya koyi rubuta manhaja, ya samu aiki a ɗan kamfanin Alhaji Mamuda a birni, kuma shi ne na farko a gidansu da ya taɓa zama a kujerar ofis.

Mu shida ne, muna haɗa manhajar da za ta riƙa tura wa manoman rani saƙo a waya, kowa ya san ranar da za a sako ruwa gonarsa. Aiki ya ƙi ƙarewa, sai Alhaji ya ɗauko Malama Balaraba ta yi mana horon mako huɗu, mu koyi yin aiki kaɗan-kaɗan muna gwadawa. Ya kuma faɗa ba kunya ba tsoro cewa ranar da horo ya ƙare mutum ɗaya zai kama gabansa. Kowa ya san da wa ake. Shi ma Ɗanlitin ya sani, ya ce min, "Lurwanu, in na koma gida Kawu zai yi dariya har ya faɗi." Wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Wata rana Malama ta kawo taron tsaye. Kullum da safe a tsaya a da'ira, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Ta ce, "Kada a ɓoye komai." Da aka zo kan Ɗanliti ya faro tun daga alwalar asuba, da kokon da ya sha, da mai babur ɗin da ya zage shi a shataletale. Ƙafafunmu suka yi tsami. Malama ta ce, "To, me ya tare ka?" Ya nuna Alhaji, wanda ke jingine a bakin ƙofa. "Shi ne. Jiya sau uku yana canza abin da yake so, sannan ya aike ni sayen fura." Alhaji ya ce, "Ni kake nunawa da yatsa?" Ya ce, "Cewa aka yi kada a ɓoye komai, Alhaji." Ranar duk wanda ya yi tari sai da Alhaji ya harare shi.

Wata rana kuma aka raba mu biyu-biyu, kwamfuta ɗaya, wani yana bugawa wani yana dubawa. Malama ta ce, "Ba mai taɓa aikin sai abokinsa yana gefensa." Ƙuri'a ta faɗo kaina, aka haɗa ni da Ɗanliti. Ranar Alhamis na ɗauki izini zan je gaida surukina da ya dawo daga asibiti. Ina durƙushe a zaure, kaina a sunkuye, ko rabin gaisuwa ban yi ba, sai ga sallama. Ɗanliti ne da jaka. Ya gaida tsoho da ladabi, ya zauna a tabarma gefena, ya buɗe kwamfuta a kan cinyata. Na ce masa ƙasa-ƙasa, "Kai, ka haukace ne?" Ya ce da ƙarfi, "Layi uku ne kawai zan rubuta, amma ba dama in taɓa sai kana nan." Kunya ta kama ni kamar in tsaga ƙasa in shige. Surukin nawa ya gyara zama ya ce, "Ku yi aikinku, ai ni ma ina son in gani." Haka muka yi awa biyu, aka kawo mana kunu.

Wata rana aka zo kan gwaji. Malama ta ce kafin mu rubuta kowane aiki, sai mu fara rubuta abin da zai gwada shi, mu ga ya nuna ja, alamar ya faɗi, sannan mu yi aikin har ya koma kore. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Abin da ba ku gwada da idonku ba, kada ku yarda da shi, ko wa ya faɗa." Ana haka Alhaji ya shigo yana fankama da sababbin batura, wai yanzu ko an ɗauke wuta ko fanka ba za ta tsaya ba. Ɗanliti ya miƙe shiru, ya je bayan ƙofa, ya ja makunnin wutar ofis gaba ɗaya. Komai ya mutu ɗif! Aikin safiyar mutum huɗu ya bi iska, kowa ya hau salati. Shi kuwa ya leƙo yana murmushi ya ce, "Malama, ya faɗi." Aka taru a kansa kamar za a cinye shi ɗanye. Bai ba kowa haƙuri ba, kuma ni ma ban ce ya bayar ba.

Wata rana, wadda ita ce ta ƙarshen horo, Alhaji ya gayyato Malam Cindo, shugaban ƙungiyar manoman, ya zo ya karɓi manhaja da ƙarfe biyu. Gwaje-gwajenmu duk kore shar. Tun jiya Malama ta ce, "Aiki bai gamu ba sai masu amfani da shi sun gwada da hannunsu." Mu mun ɗauka Malam Cindo take nufi. Da safe aka nemi Ɗanliti aka rasa. Ana cikin nuna wa baƙo manhaja a babban allo, sai ga kurkurar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofa, Ɗanliti ya sauko da tsofaffi shida, ƙafafu duk taɓo, Kawu Jatau a gaba yana mita an raba shi da albasarsa.

Alhaji ya ce, "Wannan wane irin iskanci ne?"

"Masu amfani da shi ne, Alhaji."

"Fita! Fita min daga ofis, kada ka sake shigowa sai na kira ka da bakina!"

Ɗanliti ya sa takalmansa ya fita. Malam Cindo kuwa ya ce tunda bayin Allah sun sha hanya, a gwada da su. Na zauna na shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi na farko lambar waya, ya nuna Kawu Jatau. Na biyu ma haka, har na biyar, na shida kuwa Kawun ne da kansa. Ashe a unguwarsu Kawu kaɗai ke da waya, kowa lambarsa yake bayarwa. Na danna aikawa, wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Saƙo guda ya shigo, na mutumin ƙarshe. Na duba allo, sai na ga sunaye biyar sun ɓace. Mu 'yan birni mun gina ta a kan kowane manomi da lambarsa, duk wanda ya shigo da lambar wani sai ta goge na baya.

Malam Cindo ya cire hularsa ya ce, "Rabin mutanena haka suke. Da mun karɓa, ruwa ya zo ya wuce ba su sani ba, shuka ta ƙone." Ya juya ga Alhaji. "Ba zan karɓi abin nan ba sai wancan da ka kora ya ce min ya gamu."

Alhaji ya share gumi ya ce in je in shigo da shi. Na same shi a bakin titi, a tsaye cikin rana. Ya ce, "Cewa ya yi sai ya kira ni da bakinsa." Malama ta je, ya ƙi. Aka ce ya ji tsoron Allah, ya ce yana ji. Daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina.

Daga ƙarshe Alhaji Mamuda ya tattara babbar rigarsa ya fito, manoma shida suna biye da shi. Ya tsaya a gabansa ya ce, "Ɗanliti, shigo."

Ya ce, "To, Alhaji."

Wani cikin tsofaffin ya fara ƙyalƙyala dariya. Kawu Jatau ya juya ya daka masa tsawa: "Kai, rufe mana baki! Ɗana ne zai wuce."