Rasuwar Yanzu-zan-dawo, Keken Tabuia

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, dattijo Tabuia na ƙauyen kudu yana sanar da 'yan uwa, surukai, da duk wanda ya taɓa ɗora mazaunansa a kan sirdin nan, rasuwar kekensa, wanda tsibirin nan kaf ya sani da suna Yanzu-zan-dawo. Ya cika ne ranar wata Talata a bakin hanya, ɗauke da buhunan busasshiyar kwakwa waɗanda ba na mai shi ba.

Marigayin ya sauka daga jirgin ruwan Tarawa, babban birninmu, yana sheƙi, tun gwiwoyin Tabuia na da ƙwari. Duk rayuwarsa hanya ɗaya ya sani, don ita kaɗai gare mu. Ka yi arewa teku ta tare ka, ka yi kudu teku ta tare ka, hagu ruwa, dama ruwa. Bai taɓa ɓata ba, Allah ya jiƙansa, ko da yake ina ma wurin ɓatan yake?

Masu aro ne suka raɗa masa suna. Kowa ya san in mutum ya tsaya a ƙofarka ya ce "bubuti", ya yi roƙon da ba a cewa a'a, ko rigar jikinka ce sai ka tuɓe. Sai ka ga suruki ya leƙo yana sosa ƙeya: "Bubuti, tsoho, keken nan. Yanzu zan dawo." Sai jibi. Marigayin ya kai mai naƙuda ɗakin magani, ya goya fasto, ya goya aladen Nei Kaboraua zuwa gidan biki, ya zubar da mashaya a rami bai tona asirin ko ɗaya ba. Magana ɗaya ya iya, ƙiiƙ-ƙaƙas, ƙiiƙ-ƙaƙas, kuma da ita yake amsa wa kowa.

Shi kuwa Tabuia kalmar nan ta bubuti ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. "Ni? Gara ƙishi ya kashe ni a bakin rijiyar wani," in ji shi. Matarsa kafin ta rasu takan ce masa, "Wannan girman kan naka, wata rana shi za ka hau."

Lahadi kaɗai marigayin ke zama na mai shi. Ana tashi daga coci sai su kama hanya su biyu har ƙarshen arewa, inda akwai wani dutse da in ka hau kansa waya ke kamawa. A nan Nei Tiema, 'yarsa tilo da ke aiki a ƙetare, take kiransa. "Baba, kana ji na?" "Ina jin ki, 'yar nan, iska ce ta yi yawa." Wannan muryar ce ke riƙe shi har wata Lahadin.

Ciwon ajali ya daɗe yana cin marigayin. Gishirin teku ya shiga ƙashinsa, tsatsa ta bi shi gaɓa-gaɓa. Da tayar baya ta gaji da faci aka cusa mata ɓawon kwakwa, ana jiran jirgin da zai kawo sabuwa, jirgin da kullum sai wata mai zuwa. Aka ɗaure sarƙar da zaren kamun kifi. A ƙarshe gadon bayansa ya ce ƙwas, bai ƙara cewa komai ba.

Ko sanyi gawar ba ta yi ba masu ta'aziyya suka fara isowa, kowa da bubutinsa. Tayar gaba ta tafi baro, sirdi ya tafi keken wani, wayoyin taya ana gasa kifi da su. Tabuia ya miƙa duka da hannunsa. Marigayin ya bar famfon iska ɗaya marar aikin yi, da ƙararrawa, da tsoho ɗaya da gwiwoyinsa suka ƙi shi. Lahadin da ta wuce tsohon nan ya ɗauki sanda ya kama hanyar arewa, bai kai ƙauye na gaba ba ƙafa ta zaunar da shi. Ya yini a gindin kwakwa da waya a tafin hannu, ya san tana can tana kira, tana tunanin ko wani abu ya same shi. Ya yi kuka, ba ya ɓoyewa.

Za a binne abin da ya rage na marigayin ranar Lahadi bayan coci, a ƙarshen arewa, a gindin dutsen. Gawar ba za ta iya kai kanta ba, mai makokin ma haka, don haka ana neman mai babur ya goya su. Bayan an rufe ƙasa, a ɗan ja baya a bar tsoho a kan dutsen shi kaɗai. Za a riƙa komawa addu'a a wurin kowace Lahadi, har abin da hali ya yi.

Da aka karanta wa Tabuia sanarwar nan ya dubi ruwa, sannan ya ce a ƙara kalma ɗaya a ƙasa, a kuma rubuta cewa daga bakinsa ta fito.

Bubuti.