Igiya Ta Uku Ta Kofur Eriya

"Ni da kuke gani, in na ɗaga eriyar nan, ko kifi ne ya yi tari a ƙasan teku sai Kwamanda ya ji!"

Abokina, wannan maganar Kofur Eriya ce, wani dogon banza mai baki kamar lasifika. Kwas na kwana tara kacal aka tura shi kan sabon netwok ɗin nan na 5G, ya dawo yana taku kamar shi ya rataye wata a sama. Ni ne direban motar da aka kafa sandar eriyar a kanta, saboda haka a kunnena ake juye duk wannan shara.

Atisaye za a yi, mu sojan ƙasa da sojan ruwa. Kwamanda ya ce muddin ya zauna a tantinsa ya yi magana da kyaftin ɗin jirgi ido da ido, to Kofur ya sami igiya ta uku, ya zama Saje. Shekara goma sha ɗaya yana jiran igiyar nan! Don tsabar zumuɗi har ya sa matarsa ta ɗinka ta a sabuwar riga, ya saka a ƙarƙashin kakinsa, wai ana sanarwa sai ya yaye ta sama.

To, sabis ɗin nan akwai gudu, amma ba ya dogon zango, ga jirgin can nesa kamar ƙuda. Da hantsi muka iso bakin teku, ruwa ya janye, yashi ya shimfiɗu sumul.

"Direba, shiga! Matsa mini kusa da jirgi."

Wani tsohon sojan ruwa, Baba Tuta, mai yi wa jirage ishara da tutoci, ya tare mu.

"Ɗana, ruwan nan unguwa ya je. Yanzun nan zai dawo gida."

"Baba, a kwas ɗinmu ba a ce ruwa yana dawowa ba. Je ka wanke tsummokaranka, zamani ya wuce ka."

Bai tsaya nan ba. Ya tattara duk oba-obarmu, rediyoyin hannun da muke magana da su, ya cusa a ƙarƙashin kujerata, wai kada gobe a ce tsohon yayi ne ya taimake shi. Sannan ya ɗaure kyamara a jikin sanda, ya saita ta daidai kansa, don Kwamanda ya ga gwanin da ya yi aikin.

Wallahi da farko abu ya yi kyau. Kwamanda ya ga kyaftin, kyaftin ya ga Kwamanda, Kofur yana ta sara wa kyamara. Sai na ji ƙafata ta yi sanyi.

"Kofur, ruwa fa!"

"Bar shi, danshi yana ƙara wa sabis ƙarfi."

"Danshin gidanku! Ya shanye taya!"

Na sa ribas, mota ta yi gurnani ta ƙara zama. Na sake takawa, ta zauna daram kamar surukar da ta zo wata uku. Oba-oba suka fito daga ƙarƙashin kujera suna iyo a jere kamar 'ya'yan agwagwa. Kofur ya rarumi makirfo zai nemi agaji, igiyar ruwa ta fizge. Muryar Kofur ta mutu, hotonsa kuwa yana nan garau, don batirin yana can saman sanda.

Na ce masa, "Ka iya iyo?"

"Ba a kai ga wannan darasin ba."

Na faɗa ruwa na bar shi da iliminsa. Da gudu na isa tantin Kwamanda ina ɗiga, na tarar hafsoshi sun yi cirko-cirko gaban allo. Ga gwaninka a kan rufin mota, ya rungume sanda da hannu ɗaya, ya tuɓe kakinsa na sama yana kaɗa wa Baba Tuta. Mai 5G ya koma tsumma!

Kwamanda ya gyara tabarau, ya matsa kusa.

"Kai, netwok ɗin nan ya yi! Har zaren ɗinki ana gani. Ɗaya, biyu... uku? Direba, wa ya ba shi ta uku?"

"Matarsa, Yallaɓai."

Tanti ya fashe. Kyaftin ma, daga can cikin jirgi, ya kife kan tebur, kuma ko daƙiƙa ɗaya dariyarsa ba ta makara ba wajen isowa.

Baba Tuta ya tsamo shi a kwalekwale ya dire shi gaban Kwamanda, yana rawar ɗari. Amma ka san bakin nan ba ya mutuwa.

"Yallaɓai, ai dai hoton bai yanke ba ko?"

"Ko kaɗan, Kofur. Shi ya sa na ƙirga da kyau. Ku kawo reza. A mayar wa matarsa tata, a miƙo mini ɗaya daga cikin biyun nawa da ke jikinsa. Gobe da safe ka je wurin Baba, akwai tsummokaran da za a wanke."