Baƙin Akwatin Malam Isufu

Ba zan taɓa mantawa da warin nan ba. Wari ne irin na takalmin roba da ya faɗa murhu, kuma har yau in na ji irinsa a kasuwar Tanut sai in sauya hanya. Lokacin shekarata ɗaya da gama jami'a, ina estaj, wato koyon aiki, a wani ƙaramin biro, ofis ke nan, da diplom ɗina na ilmin ordinater, wato kwamfuta, wanda ba wanda ya taɓa neman ya gani. Memuwar ɗin, wato kundin binciken da na rubuta kafin a ba ni diplom ɗin, a kan tarihin ordinatocin farko ne, da yadda kayan wannan kamfani ba sa shiga jikin na wancan. (Ka riƙe wannan, mai karatu, don a nan kunyar take.)

Ni mutum ne mai tsoron kuskure. In na kulle ƙofa sai na dawo sau biyu na taɓa kwaɗon. In aka tambaye ni lokaci sai in ce, "Wajen ƙarfe huɗu, in agogona daidai yake." Ina faɗin haka ne don kada a ɗauka ganganci ne ya kai ni. Taka-tsantsan ne ya kai ni, kuma ina jin wannan ya fi muni.

Wata safiya, gab da shigowar bazara, maƙwabcinmu Malam Isufu ya aiko a kira ni. Tsoho ne da ya daɗe yana aiki da wani proje na rijiyoyi a Damargu, tun ban san kaina ba. Duk inda suka gwada ƙasa, daga Falanko har Tarka, shi ke rubuta ko an sami ruwa, da gaba nawa aka same shi. Da Turawan projen suka tashi sai suka bar mishi na'urar da yake rubutun a ciki. Takardunsa gara ta cinye su tuntuni. Yanzu kuma yanar ido ta rufe mishi gani, ya yi shekara uku bai kunna na'urar ba.

Na tarar da baƙi uku a zaurensa, makiyaya daga wajen Tenhiya, babbansu Ardo Jaɓɓo. Rijiyarsu ce ta rufta. Ardo ya tuna projen ya taɓa gwada wuri uku a kwarinsu, biyu ba ruwa, ɗaya akwai. Wanne ne, ba mai iya rantsewa. Ƙarfin rijiya ɗaya suke da shi kafin zafi ya kankama.

"Amsar tana cikin wannan," in ji Malam Isufu, yana shafa zanen da ya lulluɓe na'urar. "Ɗana, kunna ta kawai za ka yi, ka karanto musu. Ni idon ya ƙi."

Da na yaye zanen sai murna ta kama ni. Irin wadda nake gani a hoto ce cikin littattafai: fara da ta koma ruwan ƙasa, gilashinta mai tudu, da bakin da ake zura disket mai faɗin faifai. Na duba ta ciki da waje, na hure ƙura, na goge. Sai na bi wayarta. Ba bango ta nufa ba, ta shiga ƙarƙashin tebur ne, cikin wani baƙin akwatin ƙarfe mai nauyin tsiya, duk tsatsa, an naɗe wayarsa da tsumma. Daga akwatin ne wata wayar ta tafi bango.

Na ce a raina, wannan abin zai iya kashe mutum, balle na'ura mai daraja haka. Ban yarda in sa tarihin rijiyoyin Damargu a hannun waya mai tsumma ba. Na zare wayar na'urar daga akwatin, na kai ta bango, ta ƙi shiga. Haƙoranta masu faɗi ne, ramukan bangonmu kuwa zagayayyu. Wato ita kanta na'urar ta yi mini gargaɗi iyakar iyawarta. Ni kuwa na nemi izni, na taka har kasuwa, na zaɓo ɗan kan priz sabo fil da zai haɗa su. Sai da na sa mai shagon ya gwada shi sau biyu a gabana, don kada a yi kuskure.

Na dawo na jawo akwatin, ƙiiii, na kai shi bakin ƙofa. Malam Isufu ya juyo da kansa wajen ƙarar, ya buɗe baki, ya rufe.

Da ma a nan na tsaya na kunna, da kunyar ta zo da sauƙi. Amma mutum huɗu sun zuba mini ido, ni kuma shekara guda ba wanda ya tambaye ni abin da na karanta. Sai na gyara tsayuwa na yi musu lacca. Na ce a zamanin farko kowane kamfani hanyarsa yake bi, disket ɗin wannan ba ya karantuwa a wancan, wayar wancan ba ta shiga wannan. Na ce har wutar kuran, wato lantarki, ta kowace ƙasa da ƙarfinta. (Eh, na faɗi wannan da bakina. Akwai shaidu.) Na rufe da cewa, "Saboda haka, in ban yi kuskure ba, babban abu shi ne mutum ya lura."

"Mushe, shanu na jira," in ji Ardo (haka ake kiran ɗan boko a wajenmu).

Na yi bisimilla na danna.

Ƙarar ba ta da yawa. Fat, kamar an fasa leda. Sai wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta, sai warin. Na fizge wayar, na mayar, na sake dannawa, na sake, kamar mai tashin mamaci. Gilashin baƙi ƙirin. Sai a sannan na leƙa bayanta da kyau, na goge wata ƴar takarda da ƙura ta rufe. An rubuta 110 V. Wutar bangonmu ɗari biyu da ashirin ce. Baƙin akwatin nan transfo ne, aikinsa ke nan duk shekarun nan, ya rage wutar kafin ta isa gare ta.

Ɗaya daga cikin makiyayan ya bi hayaƙin da ido har rufin ɗaki, ya ce, "Mushe, rubutun ne ke fita haka?"

"To ka tare shi mana da rawaninka," in ji ɗayan. Ba wanda ya yi dariya, har shi mai maganar.

Malam Isufu ya ce, "Ɗana, ta baƙin akwatin ka bi da ita kuwa?"

"A'a, Baba. Na ga wayarsa ta tsufa, na ji tsoron..."

"Na ji kana jan shi. Na so in yi magana. Sai na ce ƙila zamani ya wuce shi, tunda kai ka yi karatun abin."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na yi ƙoƙari, in ana lissafa ƙoƙari a irin wannan. Na kwance na'urar, na ciro ma'ajiyar rubutun, na naɗe ta a rigata na shiga mota zuwa Damagaram. Masu gyara huɗu na zaga. Bakin wayarta mai faɗi ne kamar matsefi, ba na'urar da ke da ramin da zai karɓe shi. Na ƙarshensu ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ai ta girme ni, malam. Ka gaishe ta." Disket ɗin da na tarar kusa da na'urar ma na kai, ba inda za a zura su. Duk abin da na rubuta a memuwar ɗina gaskiya ne, na tabbatar da shi shago bayan shago.

Malam Isufu ya kwana biyu yana lalube cikin kansa. Daga ƙarshe ya ce wa Ardo yana jin na kusa da itacen aduwa ne, amma ba zai rantse ba. A nan suka haƙa. Sun fi wata suna haƙa cikin zafin nan, mutum na shiga da igiya a ƙugu. Ƙasar ta fito busasshiya har ƙarfinsu ya ƙare. Suka kora dabbobin kudu a makare, kuma na ji an ce ba duka suka isa ba. Nawa ne, ban sani ba. Ban tambaya ba, tsoro nake a faɗa mini.

Bayan damina na yi kiciɓis da Ardo a kasuwar Belbeji. Na nemi inda zan ɓuya, babu. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi gida, ya tambayi idon Malam Isufu, ya ce in gaishe shi. Bai ambaci rijiya ba ko sau ɗaya. Na koma gida ban sayi abin da ya kai ni ba.

Darasin da na ɗauka ɗan ƙarami ne, ban ma tabbata ya kai farashinsa ba: in ka tarar da abu mummuna a inda mutane suka daɗe suna aiki, ka tambaya kafin ka gyara, kuma ka tambaya da ƙarfi, don tsoho na iya yin shiru saboda ganin girman takardarka. Yanzu a biron da nake akwai rabin bulo a ƙarƙashin injin fotokofi, ta gefen hagu. Na tambayi mutum uku me yake yi a wurin, ba wanda ya sani. Shekarata huɗu a nan. Mai shara ma na roƙe ta ta riƙa zagaye shi.