Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Ɗakin Bayan Ofis

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi haɗiyuwa, Malamin Kwamfuta yake sanar da rasuwar Tsohuwa, kwamfuta ɗaya tilo mai aiki a makarantar nan. Ta cika ranar Talata da hantsi.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ɗalibai kan rubuto manhajarsu da biro daga gida, su yi layi, ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa tsawata wa mai kuskure ba, sai dai ta nuna masa layin kuskuren da ja, ta jira ya gyara. Da safe takan ce "tiit", ta yi nishi "gurrr" kamar mai ciwon ƙirji, amma ta tashi.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga ofishin Shugaban makaranta, mutumin da kullum a taron safe yake faɗa wa yara cewa gobe ta masu rubuta manhaja ce. Shi ya aiko aka cire mata sitabilaiza mai daidaita wuta aka kai wa firjinsa. Malam ya yi magana har bakinsa ya gaji. Da aka kawo wuta da ƙarfi, ta ce "fat", ta yi hayaƙi. Firji yana nan lafiya lau.

Ta cika a hannun 'Yar Tela, ɗalibar da Malam ya fi sa wa rai. Babanta ya ba ta zuwa ƙarshen zangon karatu ta nuna masa abin da ke aiki, in ba haka ba ta dawo shago. Manhajar adana awon kwastomominsa take rubutawa, saura kuskure ɗaya. Wannan ne ya fi ci wa Malam rai.

Ta rasu ta bar kibod mai gogaggun haruffa, da linzamin kwamfuta mai ɗingishi, da jikoki, kwamfutoci sababbi fil a cikin kwali, kulle a sito, suna jiran babban baƙon da zai yanka ƙyalle. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Za a kai ta wurin mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, gobe da la'asar, a bayan babur ɗin Malam. Zaman makoki a aji ne, a gaban allo. Shugaba zai yi jawabi. 'Yar Tela ta ba da haƙuri, ba za ta samu zuwa ba, an bar mata ɗinkin maɓallai a shago.