Farfesan Waya da Motar Amarya

Duk Maiduguri babu mai sanin wayar mota kamar Injiniya Nuraddeen na Umarari. Shi da kansa ya tabbatar mana da haka, kuma ya rubuta a allon garejinsa: Farfesan Waya. Ya yi karatunsa a Jamus, wato ya taɓa yin kwana tara a Kwatano kusa da wani Bajamushe.

A shekarar 1998 Allah ya haɗa shi da Baba Dzarma, akawun coci, mutumin kirki da bai taɓa cin zalin kowa ba. Baba ya sayi tsohuwar mota 'yar Kwatano don abu ɗaya tak: ya kai 'yarsa Rose coci a unguwar Mairi ranar aurenta, ya riƙe hannunta ya shiga da ita. Saura kwana uku motar ta fara shessheƙa.

Irin motar nan ce da totur ɗinta ke aiki da lantarki. In ka taka, wayoyi ne ke kai wa injin saƙo. Farfesa ya buɗe akwatin totur, ya tarar zafin Borno ya soye robar wayoyin, tana zuba kamar garin kuka. Kowane ƙaramin makanike ya san ana canza su ne ɗaya bayan ɗaya, ana yin alama. Amma wannan ai aikin ƙananan makanikai ne.

"Baba, ni da launi nake gane waya," in ji shi. "Bature ma wurina yake tambaya."

Ya cika kumatu ya hure akwatin. Launukan suka tashi sama gaba ɗaya, suka sauka a gemunsa. Wayoyi takwas suka tsaya tsirara, duk jan ƙarfe, babu mai bambanci da 'yar'uwarta. Farfesa bai girgiza ba. Ya shinshina su, ya ɗanɗana biyu, ya yanke duka da almakashi, ya haɗa sababbi yadda zuciyarsa ta raya masa.

Ranar Asabar aka ɗaura wa mota furanni. Farfesa ya zo da babbar riga ya zauna gaba, don jama'a su ga mai aikin. Baba ya taka totur har ƙasa. Motar ta motsa, tana tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa.

"Tafiyar amare ke nan a Jamus," in ji Farfesa. "Ni na saita ta. Kada dai ka ɗaga ƙafa, Baba, injin zai fashe."

Wani jaki ɗauke da itace ya wuce su. Rose ta duba agogo, ta tattare farar rigarta.

"Baba, ka yafe mini, Fasto ba ya jira."

Ta hau acaɓa ta tafi. Wallahi na tausaya wa tsohon nan. Yana kallon 'yarsa tana nisa, ƙafarsa a manne da totur, hawaye na bin kumatunsa.

'Yan rakiya suka sauko daga bas ɗin da ke biye da su, suna bin motar a ƙasa. Masu shaguna suka ga baƙar mota da furanni tana jan jiki, ga dattijo yana kuka, sai suka miƙe tsaye suna cire hula.

Sun isa coci an riga an ɗaura aure, kawun amarya ne ya miƙa ta. Farfesa ya fito yana gyara riga.

"Kun gani? Ko sau ɗaya ba ta mutu a hanya ba!"

Wata tsohuwa da ta biyo su tun daga Umarari ta leƙa taga tana haki.

"Sannu da haƙuri, Baba. Wa ya rasu?"

Baba Dzarma ya ɗaga ƙafarsa a hankali. Babu abin da ya fashe. Ya daɗe yana kallon Farfesa, sannan ya fara naɗe hannun riga.

"Tukuna dai, Mama," ya ce. "Amma ki ɗan jira."