Bushin Kirya

Na so in bar wannan a cikina, amma tunda duk tashar Gusau ta sani, gara ku ji daga bakina.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba na sayi wata mota mai gudun tsiya. Da bushin ƙafarta ya cinye, wato robar nan da ke hana ƙarfe gugar ƙarfe, makanike ya ce a yanko na tsohuwar taya. Na ce Allah ya kiyaye! Ni da na ga motocin tsere a Kwatano? Mai tauri suke sakawa. Na je Bunguɗu, masassaƙin turmi ya sassaƙo min na iccen kirya.

Ranar gwaji na ɗauko surukina daga Tsafe, dattijon da bai taɓa yarda na iya komai ba. Na taka mota sosai. Daidai Kwatarkwashi sai ga hayaƙi ta ƙarƙashin kujerarsa.

"Innalillahi! Mi ka ƙonewa?"

"Baba, sabon bushi ne, zama yake yi."

"Tsaya, don Allah!"

Da ruwan butarsa muka kashe wutar. A motar shanu ya ƙarasa Gusau.

Har yau in na shiga gidan mai sai a ce, "Alhaji, fetur za a zuba, ko icce za a ƙara?"